Bakan gizo: yadda ɗigon ruwa ke rarraba hasken rana

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, sannunku da zuwa.

A nan Maraɗi, in hadari ya haɗu a gabas da maraice bakan gizo ya fito, sai ka ji an ce ya shanye ruwan. Ba ya shan komai, jama'a. Shi kansa sai ana zuba ruwa a can yake bayyana.

Hasken ranar da muke gani fari, launuka ne a cakuɗe. Cikin iska yana gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa, cikin ruwa kuwa kusan 225,000. Wannan raguwar gudu ce ke lanƙwasa shi, shi ya sa muciya ke zama kamar ta karye in an tsoma ta a ruwa. Hasken ya shiga ɗigo ya lanƙwashe, wani sashe ya bugi bayan ɗigon ya dawo, wajen fita ya sake lanƙwashewa. Kowane launi da gwargwadon nasa: ja na zuwa ido a digiri 42, shunayya a 40, sauran a tsakani. Daga inuwar kanka ake auna wannan kusurwa, don haka dole rana ta kasance bayanka, kuma ja ne a gefen waje. Wani masani na ƙasar Farisa, Kamaluddin al-Farisi, ya gwada wannan tun farkon ƙarni na 14, da ƙwallon gilashi cike da ruwa.

Wani lokaci baka na biyu kan fito a sama, wajen digiri 51, dushi-dushi, jansa a ciki. Sau biyu hasken ya bugu cikin ɗigon, kowane bugu kuma yana rage masa ƙarfi. Ku lura, sararin da ke tsakanin bakunan ya fi duhu.

Ku gwada a gida. Bayan la'asar, in inuwarka ta zarce tsawonka sosai, juya wa rana baya, ka danne bakin tiyo da yatsa ruwan ya tarwatse gabanka. In akwai bango mai duhu ko inuwar dalbejiya a gaba, launukan sun fi fitowa. Da azahar a damina ba za ka gan shi a sama ba, domin in rana ta haura digiri 42 bakan ya faɗa ƙasa. In feshin ya yi laushi ƙwarai, launukan sai su haɗe su yi fari-fari. Sassauta yatsan ɗigon ya ƙara girma.