Jif Mai Nauyi a Kan Ƙanƙara: Ina Tayar All-Terrain Ke Gazawa?

Akwai wata irin taya da ya kamata ku duba da kyau. Zanenta manya-manya ne, ramukan tsakani masu faɗi da zurfi. Ita ake kira all-terrain, ko A/T a taƙaice, wadda ake ɗaura wa manyan jif irin su Land Cruiser da Suburban don su bi kwalta, su bi laka da tsakuwa. To a hunturun Kanada ko Finland fa, yaya take yi?

A cikin dusar ƙanƙara mai taushi da zurfi, gaskiya tana ƙoƙari. Ramukan nan suna cika da dusar, dusar da ke cikin taya ta kama wadda ke ƙasa, nauyin motar da ya haura tan 2 da rabi kuma ya danne ta. Ga ƙafafu huɗu duk suna ja. Direba na taka totur, mota ta tashi ba gardama.

Nan ne mutane ke ruɗuwa. Jan ƙafa huɗu tashi yake taimaka wa, ba tsayawa ba. Kowace mota da ƙafa huɗu take birki, kuma duk wannan nauyin, wurare huɗu ne masu faɗin tafin hannu za su tsayar da shi.

Idan dusar ta daskare ta koma ƙanƙara mai sheƙi, manyan zanen ba su da abin cizo. Abin da ke riƙe mota a nan shi ne laushin roba da ƙananan tsage-tsagen da ke share ɗan ruwan da ke saman ƙanƙarar. Robar A/T an yi ta da tauri don kada dutse ya yaga ta, kuma da sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 sai ta ƙara sandarewa. Tayoyin hunturu na ainihi, irin Blizzak da Hakkapeliitta, robarsu ba ta sandarewa haka.

Yanzu ku duba gefen tayar. Haruffan M+S, wato laka da dusa a Turance, siffar zane kawai suke nufi. Tambarin dutse mai tsini uku da ƙwayar dusa a ciki, wanda aka fito da shi a 1999, shi ne ke nuna an gwada ta. Tayar A/T ta BFGoodrich KO2 na da shi, kuma a lardin Quebec na Kanada, inda doka ta wajabta tayar hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, wannan tambarin ake nema. Sai dai a kula: a Kanada da Amurka, gwajin na jan mota ne a kan dusar da aka danne. Ba ya auna birki, ba ya auna kwana, ba a kan ƙanƙara ake yinsa ba. Wannan ne abin da ya fi damuna, domin mutum zai ga tambari ya saki jiki.

Wanda ke zaune inda titi ke daskarewa wata da watanni, ya sayi tayar hunturu guda huɗu, ba biyu ba. Wanda kuma zai ci gaba da A/T, ya rage gudu tun kafin kwana, ya bar rata mai yawa tsakaninsa da na gaba, ya riƙa auna iska da safe, don sanyi na rage ta.