Fodkas: Ɗan maƙalin yatsa da ke auna jini ana tsaka da tiyata

Malam: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga Katsina ta Dikko ɗakin kara. Yau ina tare da Dakta da Sista, dukkansu a ɗakin tiyata suke wuni, su ne masu ba da allurar barci. Za mu tattauna kan wata sabuwar na'ura da ake maƙalawa a yatsa, tana auna yawan jini ana tsaka da tiyata. Sista, ke za ki fara.

Sista: To Malam. Wani dare a wani asibiti da na taɓa aiki, ana yi wa wata baiwar Allah aikin ciro jariri, mahaifa ta ƙi tsukewa, jini na ta zuba. Na ɗebi jininta na aika a duba PCV, wato gwajin yawan jini. Na ja fatar idonta ta ƙasa, fari fat. Kafin sakamako ya dawo an fi rabin awa, mun riga mun rataya ledar jini ta farko. Allah ya sa tana da sauran kwana, amma wannan jiran har yau yana raina.

Malam: Ikon Allah. Amma ai ina ganin ana maƙala wa marar lafiya wani abu mai jan haske a yatsa. Ba shi ke nuna jinin ba?

Dakta: Nan mutane da yawa ke ruɗewa. Wancan iskar oksijin yake aunawa. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabararsa a 1972. Ka ɗauki himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, kamar motocin da ke ɗauko hatsi daga kasuwar Charanci. Motoci goma ne, biyar suka lalace a hanya, amma biyar ɗin da suka iso kowace shaƙe take. Na'urar za ta rubuta maka 99, alhali rabin hatsin bai iso ba.

Sista: Wallahi haka allon ya nuna a daren nan, 99, mace tana tsiyayewa.

Malam: To sabuwar fa?

Dakta: Ita ma a yatsa ake maƙala ta, ba allura, ba ɗibar jini. Kamfanin Masimo na Amurka ya fito da ita a 2008, suna kiran ma'aunin SpHb. Tsohuwar haske iri biyu take harbawa ta cikin yatsa, wannan kuwa bakwai ko fiye, don haka tana iya ƙiyasta yawan motocin su kansu. Lambar tana kan allo tana sauyawa ana cikin aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai tsohon ciki da himogulobin ɗinta ya gaza giram 11 a kowane desilita na jini tana da ƙarancin jini, mu kuma galibi in ya kusa 7 muke shirin ƙari. Ka ga ashe ganin yana gangarowa tun daga 10 zuwa 9 ba ƙaramin abu ba ne, kana da lokacin aikawa a kawo leda.

Malam: Ke nan ɗakin gwaji ya huta.

Dakta: A'a, ko kusa. Tana iya kuskure da giram ɗaya ko fiye, kuma tsakanin 7 da 8 ne ake yanke shawarar ƙarin jini. Ni inda lambar ta dosa nake kallo, hawa ko sauka, sannan in tabbatar da gwaji. Wani abin kuma, in jini ya zuba farat ɗaya, lambar ba ta faɗuwa nan take sai an ƙara ruwa ya tsarma abin da ya rage.

Sista: Ga kuma sanyi. In yatsa ya yi sanyi, ko jijiyoyi suka tsuke saboda zubar jinin, karatun sai ya rikice, kuma daidai lokacin ne ka fi bukatarsa. Da hunturu sai mun naɗe hannun da tawul kafin ko tsohuwar ta kama.

Malam: Kuɗinta fa, Dakta?

Dakta: Da tsada, kuma maƙalan da yawansu sau ɗaya ake amfani da su. Ni da za a ba ni guda ɗaya tak, ɗakin tiyatar masu haihuwa zan kai ta.

Sista: Kafin ta iso, ina da roƙo ga 'yan uwana mata. In an sa miki ranar aiki, ki bar mana yatsa ɗaya ba baƙin lalle, ba jan farce, don suna iya tare hasken. Maigida kuma ya kawo masu ba da jini tun kafin ranar, a gwada, a ajiye.

Malam: Yatsa wanne, Sista?

Sista: Na tsakiya ko manuni, kowanne ya isa.