Amsoshin Tambayoyinku: Wane Zarto, Wane Katako?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun yau na kafintoci ne, a kan ɗan injin nan na kan tebur mai siririn zarto da ke hawa da sauka, wanda ake yanka haruffa da zanen ado da shi.

Ta farko daga Zariya take. Mai sauraronmu yana cewa: "Zartona yana yawan tsinkewa tun ban gama aiki ba. Ko jabu ake sayar mini?"

To Malam, akwai jabu a kasuwa, amma kafin ka zargi mai shago, duba lambar da ke jikin fakitin. Waɗannan zartuna tsawonsu inci 5 ne, lambobinsu kuma suna tashi daga 2/0 zuwa 12. Ƙaramar lamba siriri ne mai ƙananan haƙora, na filawud mai kaurin milimita 3 zuwa 6. Lamba 5 ita ce ta aikin yau da kullum. Idan katako ya kai inci ɗaya, ko mai tauri ne irin maɗaci, sai ka koma 7 ko 9. Wanda ya sa lamba 2 a falankin maɗaci, garin katako zai cushe haƙoran, ƙarfen ya yi zafi, ya tsinke.

Sannan ka duba ɗaurin. Haƙora su kalli ƙasa. Ka ɗame shi yadda in ka taɓa da yatsa zai yi amo kamar tsirkiyar gurmi. Kuma don Allah a daina tura katako da ƙarfi! Ni a ganina wannan ne ya fi cinye zartunan masu koyo, musamman a kwana, inda hannu kan danna zarton ta gefe.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce tana son yanka rubutun Larabci na ratayawa a bango, wane katako za ta saya?

Malama, fara da filawud mai kyau, wanda in kin duba gefensa ba ki ga rami tsakanin shimfiɗunsa ba. Rubutun Larabci yana da siraran wurare, katakon gaske kuwa kan tsage a nan ta bin jijiyarsa. Filawud ba ya haka, domin an giciye shimfiɗunsa. Ki nemi zarto mai 'yan haƙoran ƙasa da suka juyo sama, shi ke hana bayan aikin yagewa. Ki kuma zaɓi wanda ba shi da ƙusa a kansa, don ya shige ƙaramar hudar da za ki yi a cikin haruffa irin su mim da wawu.

In kin fi son katakon gaske, obeche, wanda 'yan Ghana ke kira wawa, yana da laushi da rashin nauyi. Sai dai ya kasance busasshe. Ɗanyen falanki da aka kawo daga kudu, da hunturu ya buga shi sai ya kanannaɗe, aikin mako guda ya lalace. Ki jera shi a inuwa, da 'yan sanduna a tsakani, ya sha iska tukuna.

Ta ƙarshe daga Kano take, inda mai sauraronmu ke tambaya a kan yanka katakon loko da MDF. Loko kyakkyawa ne, amma akan tarar da wani abu kamar dutse a cikinsa da ke dakushe haƙora, ƙurarsa kuma tana sa ƙaiƙayin fata, tana tayar wa wasu da asma. MDF garin katako ne da aka haɗe da gam, shi ma yana cin zarto da wuri, ƙurarsa kuma tana da laushi ƙwarai. Ɗan'uwa, ko wanne za ka yanka, ka sa takunkumi, ka buɗe taga, yaran shagon ma a ba su nasu.