Ɗakin binciken da ya gano kulorokwin, ya kuma yi watsi da shi

Kamfanin Bayer da rini ya fara, a Jamus, shekarar 1863. Sai a 1888 ya buɗe sashen magani, a 1891 kuma ya kammala babban ɗakin bincikensa a Elberfeld. Me ya haɗa rini da magani? Masanan sun lura cewa wani rinin yakan kama ƙwayar cuta ya bar naman jiki. In kuwa zai iya kama ta, ai zai iya kai mata guba.

Ga yadda Wilhelm Roehl, wani masanin Bayer, ya tsara gwajin magungunan maleriya. Za a yi wa tsuntsun kanari allurar jini mai ɗauke da maleriyar tsuntsaye, a ɗura masa maganin ta siririn bututu har ciki, sannan kullum a ɗiga jininsa a gilashi a duba da madubin likita. Abin da ake ƙirgawa shi ne kwana nawa ƙwayoyin suka yi kafin su bayyana. In sun yi jinkiri, maganin na aiki. Ta wannan hanya aka samu Plasmochin, daga baya Atebrin, wanda ke mayar da fatar mutum rawaya.

A 1934 Hans Andersag, shi ma masanin Bayer, ya haɗa wani magani mai suna Resochin. Maganin ya yi aiki a tsuntsu, amma bayan gwaji kan mutane ƙalilan aka ce gubarsa ta yi yawa. A nan aka yi kuskuren, don mutanen sun yi kaɗan a yanke hukunci da su. Aka ɗan sauya shi, aka kira sabon Sontochin. Da sojojin ƙawance suka kama Tunis, babban birnin Tunisiya, a 1943 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Sontochin ya faɗa hannun Amurkawa. Suka bi sawunsa har suka komo kan Resochin, suka iske ya fi shi. A 1946 aka raɗa masa suna kulorokwin, wannan dai mai ɗaci da ke sa mutane da yawa ƙaiƙayi.

Ƙwayar maleriya jini take ci, ta dunƙule ragowarsa mai guba don kada ya kashe ta. Kulorokwin na hana dunƙulewar. Sannu a hankali aka samu ƙwayoyin da ke fitar da maganin waje kafin ya yi aiki. Sun iso gabashin Afirka a 1978, Najeriya kuma ta koma ACT, wato haɗin magungunan maleriya mai ɗauke da artemisinin, a 2005.