Fleetwood Mac: Wai Asalin Wa Ake Yi Wa Kuka?

Jama'a masu saurare, akwai wata magana da kunnena ya gaji da ji a bakin masu ikirarin sanin kiɗan Turawa. Da zarar an saka waƙa daga faifan Rumours na ƙungiyar Fleetwood Mac, sai wani ya taɓe baki ya ce ai wannan ba Fleetwood Mac ba ce. Wai ta gaskiyar ta mutu tun 1970, ranar da Peter Green, wanda ya kafa ta, ya ajiye jitarsa ya fice, duk abin da ya biyo baya kuwa neman kuɗi ne tsagwaronsa. A wurinsu faya-fayan farko na blues, wato kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, su ne asali, na baya jabu. Tun da Green ya rasu a watan Yulin 2020 maganar ta zama kamar karatun hadda, kowa na maimaitawa, ba mai tsayawa ya auna ta.

To ni tambayata ɗaya ce: asalin wa?

A Landan aka kafa ƙungiyar a 1967. Green yana ɗan shekara ashirin, bai daɗe da barin ƙungiyar John Mayall ba, inda ya gaji Eric Clapton. Ya ɗauki sunan mai ganga Mick Fleetwood da na mai jitar bas John McVie ya haɗa ya raɗa wa ƙungiyar, bai sa nasa ba. Faifansu na farko ya fito a Fabrairun 1968, ya kai na huɗu a jerin waɗanda aka fi saye a Ingila. Mene ne a cikinsa? Akwai waƙar Robert Johnson, akwai ta Howlin' Wolf, akwai na Elmore James, duk tsofaffin mawaƙan blues na Amurka. Da aka zo faifai na biyu, Mr. Wonderful, abin ya wuce misali: waƙoƙi huɗu Jeremy Spencer, ɗaya mai jitar ƙungiyar, ya buɗe da kaɗi iri ɗaya sak, wanda Elmore James ya yi suna da shi. Huɗu fa, a faifai guda! Da wata ƙungiya ce ta yi haka a yau, waɗannan masu taɓe bakin su ne za su fara cewa basirarta ta ƙare.

Samarin Ingila ne fararen fata suke kwaikwayon baƙaƙen fatar Misisipi da Shikago, mutanen da suka ƙago kiɗan daga gonar auduga, da wariya, da ƙaura zuwa birni. Ban ce kwaikwayo abin kunya ba ne. Su kansu ba su ɓoye ba: a Janairun 1969 suka tafi situdiyon Chess da ke Shikago suka zauna gaban su Willie Dixon da Otis Spann da Buddy Guy suka yi kiɗa tare, cikin ladabin ɗalibi. Amma almajirin da ya kwafi rubutun malaminsa a allo, ko da hannunsa ya fi na malam kyau, ba a cewa shi ya kawo karatun. To wane asali ake kare wa?

Kada wani ya ce na raina Peter Green. Allah Ya kiyaye. B.B. King, gwanin jitar blues na Amurka, da kansa ya yabi daɗin sautin jitarsa, kuma ba kowa yake samun wannan shaida daga bakinsa ba. Green mutum ne da yake taɓa tsirkiya ɗaya ya bar ta ta yi ta kuka, a daidai lokacin da sa'o'insa ke tseren wa ya fi saurin yatsu. Sai dai ku duba inda girman nasa ya fito fili. Albatross, kiɗa zalla babu murya, mai sanyi da natsuwa, wanda ba shi da haɗi da hayaniyar mashayun Shikago. Man of the World. Oh Well, wadda rabinta na biyu ya fi kusa da kiɗan jitar Sifaniya. The Green Manalishi, mai nauyi da duhu. Duk ya yi su ne bayan da ya fara sakin rigar malamansa. Kuma ku saurari wannan da kyau: Albatross ta kai na ɗaya a Ingila a farkon 1969, Man of the World da Oh Well kowacce ta kai na biyu. Ashe ke nan Green ne ya fara shigar da ƙungiyar kasuwa, kuma ya ci kasuwar. In yawan ciniki shi ne zunubin, to a fara tuhumar daga kansa mana.

Sai su ce ai Green ya tsani kuɗi, har ya nemi 'yan ƙungiyar su rabar da abin da suke samu, suka ƙi, ya tafi. Haka ne, an yi wannan. Amma mutumin yana fama da ƙwayar LSD a lokacin, ga taɓin ƙwaƙwalwa da ya ci masa shekaru da yawa daga baya. Abin tausayi ne, kuma rashin kirki ne a mayar da rashin lafiyar bawan Allah hujjar cin gardama. Bayan tafiyarsa, Spencer ya fita daga masauki a Los Angeles a 1971 bai dawo ba, aka same shi ya shiga wata ƙungiyar addini. Danny Kirwan, shi ma mai jita a ƙungiyar, aka sallame shi a 1972. Babu wanda ya sayar da blues, masu kaɗa shi ne suka watse ɗaya bayan ɗaya. Me ake so Fleetwood da McVie su yi? Su ɗauko wani ya kwaikwayi Green, su ɗauko wani ya kwaikwayi Spencer yana kwaikwayon Elmore James? Shi ke nan an riƙe asali?

Shekaru suka yi suna lalube, har zuwa ƙarshen 1974 da Lindsey Buckingham da Stevie Nicks suka shigo. Rumours ya fito a Fabrairun 1977, ya yi mako 31 yana na ɗaya a Amurka, ya ci kyautar Grammy ta gwarzon faifan shekara a 1978, an sayar da fiye da kwafi miliyan 40. Wannan lissafin shi ne dukkan laifinsa a wurin masu sukar. Ban taɓa jin ɗayansu ya ɗauki waƙa guda a ciki ya nuna inda ta gurgunce ba. Adadin kawai suke gani, ransu ya ɓaci.

Ku bar adadin, ku dubi yadda aka yi shi. A 1976, a wani situdiyo da ke Sausalito a jihar Kalifoniya, auren John McVie da matarsa Christine, mai fiyanon ƙungiyar, yana mutuwa, Buckingham da Nicks suna rabuwa, shi ma Fleetwood gidansa ba lafiya. Mutum biyar a ɗaki ɗaya, wasu ba sa ga maciji, amma dole gobe a dawo aiki. Buckingham ya rubuta Go Your Own Way yana jifan Nicks, ita ta rubuta Dreams tana nufinsa, kuma kowanne ya tsaya ya yi wa ɗan'uwansa amshi a waƙar da ake caccakarsa. Christine ta rubuta You Make Loving Fun a kan sabon masoyinta, mijin da take rabuwa da shi ne ya kaɗa mata bas. Babu waƙar aro ko ɗaya a faifan. In dai blues shi ne mutum ya faɗi ciwon da ke cinsa da bakinsa, ku gaya mini tsakani da Allah wa ya fi kusa da shi: wanda ke rera baƙin cikin Robert Johnson, ko wanda ke rera nasa a gaban wanda ya jawo masa?

Ga kuma abin da ba sa so a tuna. Ita Christine ɗin da ake kira 'yar kasuwa daga ƙungiyar blues ta Chicken Shack ta fito, kuma ita ce ta kaɗa fiyano a Mr. Wonderful tun 1968. Mai ganga shi ne dai Fleetwood, mai bas shi ne dai McVie. Mutum uku cikin biyar na Rumours suna cikin faifan da ake kira asali. Yaushe suka rikiɗe suka zama jabu?

Mai kwaɗayin kuɗi kuwa, in ya samu irin wannan ciniki, maimaita shi yake yi. Su me suka yi? Suka kashe fiye da dala miliyan ɗaya a kan Tusk a 1979, faifai biyu a haɗe, cike da gwaje-gwajen Buckingham masu kaushi da suka ɗaure wa gidajen rediyo kai. Cinikinsa bai kai ko kusa da na Rumours ba.

Akwai inda nake ɗan ja baya. Mirage na 1982 ya yi laƙwas, da gani an ji tsoro bayan Tusk. Tango in the Night na 1987 an goge shi da na'ura har wani wurin ba ka jin hannun mutum. A nan in an ce kasuwa ta yi tasiri, ba zan yi dogon musu ba. Kuma yana ci mini rai cewa matasan da suka gano Dreams a TikTok a 2020 yawancinsu ba su taɓa jin sunan Green ba, kamar yadda mutane da dama har yau suke zaton Santana ne ya ƙago Black Magic Woman, alhali Green ya rubuta ta a 1968.

Amma in mantuwa ce ke damun masu kukan asali, to akwai waɗanda aka fi mantawa. An shigar da Green zauren karrama mawaƙan rock a 1998 tare da sauran 'yan ƙungiyar, ya ga yabonsa da idonsa. Elmore James ya rasu a 1963, bai ma ga samarin Landan suna cika dandali da kaɗinsa ba. Otis Spann ya rasu a 1970 yana da shekara arba'in ko sama da haka kaɗan. Ban ga masu taɓe bakin nan suna tada jijiyar wuya a kansu ba. Nawa ne a cikinsu ke da faifan Elmore James ko guda ɗaya a gida?