Lacca: Abin da ke ƙona taransifomar unguwa

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana.

Wutar da muke sha a Zariya tafiyayyiya ce. Daga tashoshi irin su Shiroro, wadda ta fara aiki a 1990, tana isowa Mando a Kaduna da ƙarfin kilobolt 330, wato bolt dubu 330. A nan ake sauke ta zuwa 132 a turo mana, a sake ragewa zuwa 33, sannan 11, kafin taransifomar unguwa ta mayar da ita bolt 415. A wannan zangon na ƙarshe nake so mu tsaya, domin shi ne a hannunmu.

Taransifoma mai kVA 500 (ma'aunin girmanta ke nan) tana da layi uku, kowanne iyakar wutar da zai iya ɗauka amfiya 695 ce ko kusa da haka. Sai ka tarar mai walda, mai injin niƙa da rabin gidajen unguwa duk sun taru a layi ɗaya, wai shi ya fi ƙarfi, sauran biyun kuwa suna hutawa. Nan da nan wayar cikin ta ɗau zafi. Fis, wato 'yar wayar da ke yanke wuta in nauyi ya yi yawa, ya tsinke, wanda aikinsa ke nan, amma maimakon a nemi dalili sai a samu wani ya ɗaura jan ƙarfe mai kauri a gurbinsa. Wallahi wannan ɗaurin ya kashe taransifoma da yawa, domin an cire mata mai gadi.

Sai man da ke cikin taransifomar. Shi ke sanyaya ta, shi ke hana wayoyinta haɗuwa. Idan ya zurare ko ɓarayi suka zuƙe shi, a zafin Afrilu ba za ta daɗe ba. Ku dubi 'yar kwalbar da ke gefenta: ƙwayoyin ciki shuɗaye ne, in sun koma ruwan hoda to sun sha damshi, a canza su.

Mai unguwa, ranka ya daɗe, roƙona shi ne kwamiti ya nemi ma'aikatan kamfanin rarraba wuta su auna layukan uku da magariba, lokacin da kowa ya kunna kayansa, su raba nauyin daidai. Kada wani ɗan unguwa ya hau da kansa. A yi shinge, a sa fitila.

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane mako da taransifoma ta yi a mace, tela da mai ƙanƙara a gidan mai suke zube ribarsu don ciyar da janareta.