Daɗin Sana'ar Kai da Abin da Ke Cinye Shi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da mata, malamanmu, yayyena da ƙannena, barkanmu da wannan haɗuwa. Na san akwai waɗanda suka rufe shago tun lokaci bai yi ba don su samu zuwa, akwai kuma masu waya a aljihu tana ta ruri, masu saye na nemansu. Allah ya mayar muku da alheri.

An ce in yi magana a kan ƙaramar sana'a, kuma na yi murna da aka ba ni wannan, domin mafi yawanmu a ɗakin nan da ita muke rufa wa kanmu asiri. Duk lokacin da na ga baƙo ya sauka a ƙasar da ba tasa ba, sai Abdurrahman ɗan Aufu ya faɗo mini a rai, Allah ya ƙara masa yarda. Ya isa Madina hannu rabbana. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya sa masa albarka, ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Mu ma da yawanmu haka muka fara, mun yarda cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kada kowa ya raina abin da yake yi don ana ce masa ƙarami. A 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 27 ga Yuni ta kowace shekara domin ƙanana da matsakaitan sana'o'i, kuma a ƙididdigarta su ne kusan kashi 90 cikin ɗari na harkokin kasuwancin duniya.

To me ke riƙe mutum a sana'ar kansa, alhali sau da yawa ya fi mai albashi daɗewa a tsaye, kuma ba lallai ya fi shi samu ba? Wasu masana tattalin arziki biyu, Matthias Benz da Bruno Frey, sun bi wannan tambaya a binciken da suka fitar a 2008, inda suka duba bayanan ma'aikata a Jamus da Birtaniya da Siwizalan. Sun samu cewa masu aikin kansu sun fi masu yi wa wani aiki gamsuwa, kuma babban dalilin shi ne 'yancin yanke shawara da kai. Mu dai mun san wannan tun kafin a auna. Ku dubi mai ɗinki ranar da za a karɓi kaya. Ta kwana biyu tana fama da kafaɗar riga, ta farke, ta sake, ta kuma farkewa. Mai kaya ta zo ta saka, ta tsaya gaban madubi ta yi shiru, ta juya hagu, ta juya dama, ta shafa wuyan rigar, sannan ta ɗago ta ce, "Wallahi kamar a jikina aka ɗinka." Abin da mai ɗinkin ke ji a ƙirjinta a wannan lokacin, shi nake nufi da daɗin aiki. Ya tabbata a hadisi cewa babu wanda ya taɓa cin abin da ya fi wanda ya samu da aikin hannunsa, kuma Annabi Dawuda, alaihis salam, daga aikin hannunsa yake ci.

Wannan daɗin kuwa daga basira yake fitowa. Mutane na ɗauka ƙirƙira sai mai zane ko mai haɗa injin. A'a. Akwai wani ɗan'uwanmu mai gyaran waya da ya lura cewa masu kawo masa aiki suna miƙa wayar suna ɗari-ɗari, saboda hotunan iyalinsu da saƙonninsu na ciki. Sai ya juya teburinsa ya fuskanci ƙofa, ya ajiye kujera, ya koma buɗe waya a gaban mai ita, yana nuna masa abin da ya lalace. Bai sayi sabon kayan aiki ba, amma daga nan mutane suka riƙa turo masa 'yan'uwansu. A nan ƙaramin ɗan kasuwa ya fi babban kamfani. Shi yana jin ƙorafi da kunnensa da safe, kafin yamma ya gyara, alhali kamfani sai an zauna taro bayan taro.

Shi ya sa wani hali namu ke damuna. Da zarar an ga ɗaya ya buɗe abu ya karɓu, sai mutum biyar su buɗe irinsa a gefensa, a shiga karya farashi har kowa ya rasa. Don Allah, in ka ga ɗan'uwanka ya samu ƙofa, tambayi kanka me masu zuwa wurinsa suke nema da ba su samu ba, ka buɗe wannan.

Yanzu ga ɓangaren da ba mu cika son faɗa a bainar jama'a ba. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ayyuka ta Amurka sun daɗe suna nuna cewa a cikin sababbin sana'o'i, kusan ɗaya cikin biyar ba ya wuce shekarar farko, kuma wajen rabi ne ke kaiwa shekara biyar. Da yawa daga cikin waɗanda suka durƙushe sun iya aikinsu sarai. Abin da ya kayar da su shi ne rashin bambanta riba da kuɗin da ke hannu. A takarda ka ci riba, amma ribar tana aljihun mutanen da suka ce "zan turo maka gobe". Mai gidan haya ba ya jiran goben nan, wanda ka saro kaya a wurinsa ma haka.

Kuma mu faɗi gaskiya, bashin da ya fi kashe sana'a namu ne na junanmu. Baƙo ya saya ya biya ya tafi. Na gida ne zai ɗauka, kai kuma kunya ta hana ka rubutawa, balle tambaya. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne da a rubuta bashi. Wanda ya ce maka "bari in rubuta" bai zarge ka ba, zumuncinku yake karewa. Kai kuma da ka ɗauka, ka tuna cewa uwar kuɗin ɗan'uwanka ce a hannunka.

Sai haɗa aljihu. Kuɗin shago da na cefanen gida a asusu ɗaya, a wayi gari jari ya zagwanye ba a san ta inda ya bi ba. Ka raba asusun, ka yanka wa kanka albashi komai ƙanƙantarsa. In za ka sa kuɗin aiki, ka lissafa lokacinka. Mata masu aikin hannu, ku nake roƙo musamman: kuna ƙirga kuɗin yadi da zare da wuta, ku manta da daren da kuka raba ido biyu.

Takardun hukuma kuwa, haraji da lasisi da inshora, maganarsu gajeriya ce. Wasiƙar da aka ƙi buɗewa don tsoro ba ta ɓacewa, tara take haifarwa.

Dalilin da ya sa na daɗe a kan waɗannan shi ne, su ne ke cinye basirar da na fara da ita. Wanda ya kwana yana juyi a kan kuɗin haya ba zai tashi da sabuwar dabara ba. Sai ka ga mutumin da ya shiga sana'a don ƙauna ya koma buɗe ƙofa da ɓacin rai, yana amsa wa masu saye a daƙile, ba shi da ranar hutu, 'ya'yansa ba sa ganinsa sai yana barci. Ga kaɗaici kuma, domin mai shago ba shi da wanda zai kai wa kuka. A gida yana ɓoyewa kada hankalin iyali ya tashi, a waje yana ɓoyewa kada a ce ya karye. Ina ganin wannan ciwon ya fi yawa a cikinmu fiye da yadda muke zato.

Saboda haka, ranka ya daɗe shugaba, ina da roƙo. Muna da matasa da suka karanci lissafin kuɗi da doka a makarantun ƙasar nan, muna kuma da dattawan da suka yi shekaru a kasuwa, suka faɗi suka tashi. A ware mana zama ɗaya a kowane wata, na masu sana'a kaɗai, inda mutum zai zo da rasitansa da wasiƙun da suka ɗaure masa kai a duba masa, bisa amanar cewa abin da aka faɗa a wurin ba zai fita ba. Iyayenmu mata su zaɓi wadda za ta jagoranci nasu zaman. Na bar takarda a wurin sakatare, duk mai son koyarwa ko mai son a duba masa ya rubuta sunansa kafin a tashi.

Allah ya yi wa nemanmu albarka. Na gode, wassalamu alaikum.